Yadda Za Ka Koya wa Kwamfuta Jin Taɓi: Daga Fatar Yatsa Zuwa Harbin Jijiya

In ka taɓa tsayawa wajen 'yan yadi a Kasuwar Wunti, ka ga yadda masanin shadda yake ciniki. Ba ya yarda da ido. Sai ya kama bakin yadin tsakanin babban yatsa da manuni, ya murza sau biyu, ya ɗago kai ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai ba gezna ba ce." Mai shago ya yi murmushi, ya jawo wata daga ƙasan tari. Lura da abu ɗaya: murzawa ya yi, ba dannawa ba. Da ya ɗora yatsan kawai ya bar shi a tsaye, da bai gane komai ba. Duk wanda ya fahimci dalilin haka ya ci rabin aikin da za mu yi a nan.

Na rubuta wannan ne don ɗalibin injiniya ko kimiyyar kwamfuta, a Yelwa yake ko Gubi, ko can Gombe da Kashere, wanda ke neman aikin kammala karatu da ba sai an sayi na'urar miliyoyi ba. Abin da kake bukata laftof ce ko da tsohuwa, da Python, da NumPy, SciPy da Matplotlib. Burinmu shi ne mu gina samfurin lissafi da za ka ba shi bayanin yadda aka taɓa fata, shi kuma ya faɗa maka a wane milisakan kowace jijiya za ta harba saƙonta zuwa ƙwaƙwalwa.

Fara da sanin masu aikin

Babban kuskuren mai farawa shi ne ya ɗauka fata ma'aunin matsi ce guda ɗaya, kamar sikelin mai awon hatsi. Ba haka ba ne. A tafin hannu da cikin yatsu akwai jijiyoyin taɓi kimanin 17,000, bisa ƙiyasin Roland Johansson da Ake Vallbo na ƙasar Suwidin a 1979, kuma iri huɗu ne, kowane da halinsa. Sun san haka ne ta hanyar soka siririyar allura cikin jijiyar hannun mutum yana farke, suna sauraron zare ɗaya, dabarar da Vallbo da Karl-Erik Hagbarth suka ƙirƙiro a Uppsala a shekarun 1960.

Ta farko ita ce SA1, wadda ke ƙarewa a ƙwayoyin Merkel. Ni ina ce mata mai naci: muddin abu na danne da fata, tana harbi, ko da yake ta fi zafi lokacin da abin ke shiga. Ita ke jin gefe, kusurwa da siffa. Ta biyu RA ce, mai ƙarewa a ƙullin Meissner. Wannan mai saurin gundura ce, ta yi magana lokacin da abu ya sauka da lokacin da ya tashi, tsakani kuwa shiru. Ta fi jin motsi daga kamar 5 zuwa 50 Hz, wato zagaye 5 zuwa 50 a sakan, kuma ita ke fara sanar da kai cewa kofin shayi na zamewa. Ta uku PC, ƙullin Pacini, tana can ciki, an naɗe ta fallaye-fallaye kamar albasa. Jijjiga take ji, ta fi ƙwarewa wajen 250 Hz, inda motsin da bai kai maikron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ke iya tayar da ita. Werner Loewenstein da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1960 cewa in aka ɓare fallayen, saurin yin shirunta na raguwa ƙwarai, wato ɓawon ne rariyar da ke tare matsi mai tsayawa. Ta huɗu SA2, mai jin miƙewar fata, ajiye ta gefe tukuna.

Ƙofar da ke buɗewa a jikin waɗannan jijiyoyi idan an matsa su furotin ce mai suna Piezo2. Ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano ta a 2010, ya kuma samu kyautar Nobel a 2021 tare da David Julius. Ka sa wannan a babin gabatarwa, amma ba za mu kwaikwayi ƙofar kanta ba.

Mataki na 1: tsaga lokaci, kuma ka tsaga shi ƙanana

Kafin komai, zaɓi dt, wato tazarar lokaci tsakanin lissafi da lissafi. Sa 0.1 milisakan. Sakan ɗaya zai zama taku 10,000.

A nan zan ɗan daɗe, don na ga wannan ya ci wa wani ƙanena mako biyu. Ya zo mini da laftof ɗinsa da yamma, fuska a murtuke, ya ce, "Yaya, Pacini ɗina ta mutu." Ya ba ta jijjigar 500 Hz, ko harbi ɗaya babu. Muka buɗe lambobin, sai ga sifili reras daga sama har ƙasa. Ashe dt ɗinsa milisakan 1 ne don lissafi ya yi sauri kafin caji ya ƙare. Zagaye ɗaya na 500 Hz milisakan 2 ne, saboda haka duk lokacin da kwamfutar ta leƙa, igiyar na daidai kan sifili. Jijjigar na nan, shi ne yake ƙiftawa a daidai lokacin da take wucewa. Ko a 250 Hz ma bai tsira ba, domin awo huɗu kacal yake samu a zagaye, kuma in ka bi da np.gradient sau biyu a kan haka don fitar da hanzari, wato saurin canjin gudu, kusan kashi 60 cikin 100 nasa zai salwanta ba tare da wani gargaɗi ba. Da 0.1 milisakan, asarar ba ta kai kashi 1 ba.

Mataki na 2: ƙera taɓin

Taɓi biyu sun ishe ka da farko. Na ɗaya, danna-ka-riƙe: fata ta lotsa daga 0 zuwa milimita 1 cikin milisakan 50, ta tsaya haka milisakan 500, sannan ta dawo cikin wani 50. Gudun shiga ke nan milimita 20 a sakan. Na biyu, jijjiga, inda A ke nufin girman motsi, f yawan zagaye a sakan, t kuma lokaci:

zurfi = A × sin 2πft

Daga zurfi sai ka fitar da gudu, wato saurin canjin zurfi, da hanzari, wato saurin canjin gudu. Kafin ka fitar, ka ɗan goge kusurwoyin danna-ka-riƙe da rariyar lissafi, in ba haka ba hanzari zai yi tsalle zuwa wata lamba ta hauka a kowace kusurwa. Yi amfani da butter da lfilter na SciPy. Kada ka taɓa filtfilt. Ita tana tacewa gaba da baya, tana leƙen abin da bai faru ba, sai ka ga jijiyarka ta harba kafin a taɓa ta, kamar mai duba.

Tsaya ka yi wannan lissafin da biro, zai wayar maka da kai. A jijjiga, gudu na ƙaruwa da 2πf, hanzari kuma da 2πf sau kansa. Motsin maikron 1 a 5 Hz hanzarinsa kusan 0.001 mita a sakan a sakan ne. Maikron ɗayan nan a 250 Hz kuwa ya kai kusan 2.5. Ninki 2,500 ke nan, alhali girman motsin bai canza ba. Duk jijiyar da ke sauraron hanzari dole ta zama kurma ga danna mai tsayawa, ta zama mai kaifin kunne ga jijjiga. Ga Pacini ta fito da kanta.

Mataki na 3: randa mai yoyo

Za a ce maka ka yi amfani da lissafin Hodgkin da Huxley na 1952, mai bayyana yadda jijiya ke harbi. Lissafi ne mai daraja, amma yana da ma'aunai da yawa da ba ka da bayanan cike su, kuma zai wahalar da tsohuwar laftof in jijiyoyi sun kai ɗari biyar. Abin da ya dace da wannan aiki ya fi shi tsufa, asalinsa na komawa ga Louis Lapicque na Faransa a 1907. Ka ɗauki jijiya a matsayin randa mai huji a gindi. Taɓi na zuba ruwa, hujin na zubarwa. In zubawa ta rinjayi yoyo har ruwa ya kai baki, sai a kife randar gaba ɗaya, a rubuta lokacin. Wannan kifewar ita ce harbi. A kowane taku:

caji = caji + dt × (shiga − caji) ÷ tau

Caji shi ne ruwan cikin randar, shiga abin da taɓi ke zubawa, tau kuma lokacin da ke nuna jinkirin yoyon. Sa tau milisakan 10, bakin randa 1. Da caji ya kai 1, rubuta lokaci, mayar da shi 0, ka hana shi tashi na milisakan 1, domin jijiya ta gaske ma tana da ɗan hutun dole bayan kowane harbi.

Kada ka wuce nan sai ka gwada randar ita kaɗai. Ba ta shiga 2 tsayayye. Lissafi ya ce tazarar harbi ita ce tau sau ln 2, wato milisakan 6.9, a ƙara hutun 1, ya zama kusan 7.9, harbi 126 ke nan a sakan. In ka samu 126 ko kusa, randarka lafiya. In ka samu 12 ko 1,200, ka cakuɗa sakan da milisakan a wani wuri, kuma gara ka gano yanzu da a ce sai a gaban malamai.

Mataki na 4: ba kowa abincinsa

Randa iri ɗaya ce ga dukkansu. Abin da ake zuba musu ne ya bambanta, kuma nan ne ainihin samfurin yake.

SA1 tana cin zurfi da gudun shiga: shiga = a × zurfi + b × gudu, amma gudun fita ka mayar da shi sifili. Fara da a = 1.2 da b = 0.1, lambobin gwaji ne nawa, ba wahayi ba. Za ka ga ta yi ruwan harbi kusan 200 a sakan dab da ƙarshen shiga, sannan ta sauka kusan 50 lokacin riƙewa. Siffar ta yi daidai. Sai dai akwai aibi: rage zurfin zuwa 0.8, za ta yi tsit lokacin riƙewa, alhali SA1 ta gaske na amsa lotsawar da ta fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Maganinsa shi ne ka ɗaga a zuwa kamar 6, ka ƙara wani abu da nake kira gajiya. Duk harbi ɗaya ya ƙara wa gajiya ɗan adadi, ita kuma tana sauka a hankali da nata tau na kamar milisakan 200, kana cire ta daga shiga. Da wannan jijiyar za ta tashi da ɗan taɓi, amma ba za ta haukace da babba ba, kuma harbinta zai riƙa raguwa sannu a hankali yayin riƙewa kamar yadda ake gani a ta gaske.

RA gudu kawai take ci, na shiga da na fita. PC hanzari. To ga tarko. Mai gaggawa zai sa abs ya mayar da komai sama da sifili, sai jijiyar ta riƙa harbi biyu a kowane zagaye tun daga farko, ɗaya a shiga ɗaya a fita. Raba su: nauyin shiga daban, na fita daban, ɗaya ya fi ɗaya. Ga PC kuma rage tau zuwa kamar milisakan 2, don zagayenta duka milisakan 4 ne, randa mai nauyin jiki ba za ta bi ta ba. Sa mata rariyar da ke danne abin da ya haura kamar 300 Hz, in ba haka ba kaifin jinta zai yi ta hawa ba iyaka. Ita ma RA a sa mata tata rariyar a ƙasa da haka.

A ƙarshe yayyafa ƙura kaɗan, wato lambobin da ke fitowa ba bisa tsari ba daga np.random, a cikin shiga. Ka ninka ta da saiwar dt idan kana ƙara ta kai tsaye cikin caji, don kada ƙarfinta ya canza duk lokacin da ka sauya dt. Kuma kafa iri da default_rng, yadda sakamakon jiya zai sake fitowa yau.

Mataki na 5: jarrabawa uku

Zana harbin a matsayin 'yan sanduna a kan layin lokaci, jijiya ɗaya layi ɗaya. A danna-ka-riƙe, SA1 ta yi ta yi har ƙarshe, RA ta yi gungu biyu, PC ta ɗan tofa a kusurwoyi.

Jarrabawa ta biyu ta fi daɗi. Ba RA jijjigar 40 Hz, kana ƙara A kaɗan-kaɗan, kana ƙirga harbi a sakan. Ba miƙaƙƙen layi za ka samu ba, matakala za ka samu: shiru, sai hawa, sai dandali a daidai 40 inda take harbi ɗaya a kowane zagaye ko ka ƙara ƙarfi, sannan ta sake hawa zuwa 80. Wannan kamun kiɗa shi Vernon Mountcastle da abokansa suka bayyana a jijiyoyin biri a 1968 a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ba kai ka rubuta matakalar cikin lambobinka ba, randar ce ta haife ta, kuma ranar da na fara ganin ta a allona na daɗe ina kallo.

Ta uku, nemo mafi ƙanƙantar A da ke sa harbi a 5, 10, 20, 50, 100, 250 da 500 Hz ga kowace jijiya. Zanen PC ya yi kwari kusa da 250, na RA kusa da 30 zuwa 50.

Mataki na 6: daga ɗigo zuwa fili

Har yanzu muna yi kamar jijiyar na zaune a ƙarƙashin tsinken da ke danna ta. Fata kuwa tana watsa matsi. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauki fata kamar katifar roba mai zurfi, a ari lissafin Joseph Boussinesq na 1885, wanda 'yan injiniyan gini ke auna matsin harsashin gini a ƙasa da shi. Abokinka na sashen gine-gine ya san shi. Ƙarfi P a kan ɗigo yana haifar da matsi a zurfin z da nisan r a gefe:

matsi = 3 × P × z³ ÷ [2π × (r² + z²)^2.5]

Idan r ya kai z, matsin ya faɗi zuwa kusan kashi 18 cikin 100. Saboda haka ka ajiye SA1 da RA a ƙasa da rabin milimita, PC kuma kamar milimita 2, nan take za ka ga na sama suna da ɗan ƙaramin fili, ta ƙasa tana da faffaɗa. John Phillips da Kenneth Johnson ne suka nuna a 1981 cewa irin wannan lissafin na roba na iya hasashen amsar SA1.

Abu mai faɗi sai a yanka shi tsinke-tsinke, tazarar kamar 0.2 milimita. Ka san zurfin kowane tsinke, ƙarfinsa ne ba ka sani ba, kuma kowane na lotsa fatar da ke ƙarƙashin maƙwabcinsa. Gina teburin lambobi inda tasirin tsinke kan wani shi ne 1 − ν² a raba da π × E × r, tasirinsa kan kansa kuma 1 − ν² a raba da 2 × E × rabin faɗinsa. E taurin fata ne, ν kuma yadda take bazuwa gefe in an matsa ta. Sa E kilofaskal 50, ν kuma 0.4, ka warware da np.linalg.solve. In wani tsinke ya fito da ƙarfi ƙasa da sifili, yana nufin yana jan fata sama, alhali ba a manne yake ba. Cire shi ka sake warwarewa har su ƙare. Ladan wahalar shi ne za ka ga ƙarfi ya taru a gefen abin, tsakiya ta yi sauƙi. Dalilin ke nan da ka fi jin bakin kwabo fiye da cikinsa.

Wani zai ce bari ya canza E don ya kwaikwayi busasshiyar fatar hunturu ko hannun manomi mai kanta. A wannan samfurin ba zai samu komai ba, E ninka lambobin kawai take yi, siffar ba ta motsi. Kanta sai samfuri mai hawa-hawa, irin wanda Gregory Gerling na jami'ar Bajiniya ke ginawa, wannan kuwa aikin digiri na biyu ne.

Mataki na 7: cika yatsa da jama'a

A kan ɗan yatsa, santimita ɗaya murabba'i na ɗauke da RA kusan 140, SA1 kusan 70, PC kuwa 'yan kaɗan, wajen 20. Watsa su ba bisa layi ba, kowace ka ɗan sauya mata ma'aunai. Kada ka zagaya jijiya ɗaya-ɗaya a Python, za ka kwana. Zagaya lokaci kawai, caji ya zama jeri mai ɗauke da dukkansu. Jijiya 500 a taku 10,000 lambobi miliyan 5 ne, megabait 40, ba abin tsoro ba. Ka riƙa adanawa da np.save bayan kowane gwaji, ka san halin wuta.

Gwada da harafin makafi na Braille, ɗigogi masu tazarar kusan milimita 2.5, ka ja shi a kan yatsan. A binciken da Phillips, Johansson da Johnson suka yi kan mutane a 1990, SA1 ce ta fitar da hoton ɗigogin tsaf, na RA ya ɗan dushe, na PC kuwa ba a gane komai. In naka ya fito a juye, koma ka duba zurfin da ka ba su.

Daga nan tambayoyi na gida ke buɗewa. Ciwon suga da kuturta duk suna kashe jijiyoyin ji. Goge kashi 30, 50, 70 cikin 100 na jijiyoyinka, ka auna a ina ɗigo biyu suka fara zama ɗaya. Mai lafiya na raba ɗigo biyu a kan yatsa daga kamar milimita 2 zuwa 3.

Mataki na 8: auna kanka da na manya

A 2017 Hannes Saal, Benoit Delhaye, Brandon Rayhaun da marigayi Sliman Bensmaia na jami'ar Chicago suka fitar da TouchSim, mai kwaikwayon jijiyoyi kusan 12,500 na hannu duka. Kyauta ne, akwai na MATLAB, akwai na Python. Ba su sa SA2 ba, domin bayanan da suka daidaita shi da su na birai ne, waɗanda ba a samun wannan nau'i a tafinsu. Shawarata kada ka buɗe shi sai naka ya ci jarrabawa ukun nan, don wanda ya fara da shi danna maɓalli kawai zai koya.

Ba su taɓi iri ɗaya, ka daidaita a, b da sauran ma'aunanka har harbinku ya kusanci juna. Ƙirga yawan harbi bai isa ba, lokacinsa ma saƙo ne. Yi amfani da awon van Rossum na 2001: kowane harbi ka ba shi jela mai dushewa cikin 'yan milisakan, ka auna bambancin layukan biyu. Ka nemo ma'aunan da differential_evolution na SciPy, domin hanyoyin nema masu bin gangaren kuskure na ruɗewa da abin da ke tsalle-tsalle. Ka daidaita da rabin gwaje-gwajen, ka yi jarrabawa da rabin da samfurin bai taɓa gani ba, kuma sakamakon wannan rabin za ka rubuta a rahoto.

Komawa ga shaddar

Yatsa mai tafiyar milimita 80 a sakan a kan zare masu tazarar rabin milimita na haifar da jijjigar 160 Hz, 80 a raba da 0.5. Gonar Pacini ke nan. Ɗakin binciken Bensmaia ya nuna a 2013 cewa kaushi mai manyan ƙuraje SA1 ke ɗaukar hotonsa, amma laushin yadi a tsarin lokacin harbin RA da PC yake, shi ya sa sai an murza.

Kana iya kawo wannan cikin samfurinka da kuɗin da bai kai na kati ba. Ma'aunin motsi na waya ba zai yi ba, yawanci awo 'yan ɗaruruwa yake ɗauka a sakan, ciwon ƙanena zai dawo. Nemi faifan fiyezo, ɗan zagayayyen tagullan nan da ke cikin ƙararrawar tsohon agogo ko abin wasan yara, wajen masu gyaran rediyo. Manna shi a bayan farce, ka haɗa wayarsa da ramin makirfo na laftof, ka naɗa da manhajar naɗar sauti Audacity a awo 44,100 a sakan. Karɓo ƙyallen shadda, atamfa da leshi wajen tela. Ja layin santimita 8 a kan kowane, ka shafa shi cikin sakan ɗaya, sau ashirin-ashirin, kana bin bugun agogo don gudun ya daidaita. Cire laftof daga caji lokacin naɗi, in ba haka ba gurnanin 50 Hz na wutar gida zai shiga ciki, RA ɗinka ta yi ta harbi a kan abin da yatsa bai taɓa ba. Rage awon zuwa 10,000 da resample_poly don ya dace da dt ɗinka, ka zuba wa PC, sannan ka lissafa awon van Rossum tsakanin shafa da shafa: na shadda da shadda a gefe guda, na shadda da atamfa a ɗaya gefen.